Ni da Sojojin Robar Surukina a Ankara

Tun da na dawo daga Gana ban huta da tambaya ba. In na je barka a ja ni gefe, in na je gaisuwa a matso kusa da ni: "Kulu, yaya Ankara? An ce har teku kinka gani?" Sai in ce lafiya lau, in kawo zancen tsadar gero. To matan Ƙofar Rini ba a yi masu shiru a kwana lafiya. Har na ji wata na cewa wai faɗa na yi da surukai, shi ya sa na dawo baki a ɗinke. Ba faɗa na yi ba. Da faɗa ne da ya fi mini sauƙi. Bari in faɗa sau ɗaya da bakina, kowa ya ji, a bar ni in sha iska.

Ɗiyata Balki, autata, ita ke aure can. Mijinta Bahaushen Gana ne, ya zo karatu Sakkwato ya gan ta. Ba zan faɗi sunansa ba, kun san dalili. Da cikinta ya tsufa likita ya hana ta doguwar tafiya, ke nan ba za ta zo gida wanka ba. Malam, maigidana, ya dube ni ya ce, "To ai sai ke ki tafi." Ni da ko Gusau sai da dalili mai ƙarfi! Na ce masa, "Malam, wa zai dafa maka tuwo?" Ya ce shekarunsa nawa yana aiki Kalambaina yana cin na masu sayarwa, bai mutu ba.

Allah ya haɗa ni da Maman Rahila ta Sabon Gari, mutuniyar Zuru, wadda ke zuwa Kwatano da Lome sarin atamfa. Mun daɗe tare, wajenta na yi wa Balki kayan aure. Ta ce, "Yaya Kulu, ni zan kai ki har bakin Gana. Amma sharaɗi ɗaya, kada ki yi mini kuka a mota." Na ɗaure kayana: garin kunu, kanwa, daddawa, kuka, man shanu, da yajin jego da na daka da hannuna, wanda ko ni da na daka sai da na kwana ina atishawa.

Hanya kam ba ta da kirki. Mun wuce Yawuri, mun wuce Kwantagora, ƙafafuna sunka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Da munka zo babbar gadar Jabba na rufe ido ina salati, Maman Rahila tana tata addu'ar, direba yana cin gyaɗa abinsa. A Legas munka sauka Agege, gidan wasu masu goro. Matar gidan Bakanuwa ce. Ta ce, "Kin sha hanya?" Na ce, "Awo." Ta fashe da dariya ta kira maƙwabta su zo su ga Basakkwata ta gaske. Na ce mata mu dai ba mu haɗiye rabin magana kamar ku. Kafin mu tafi ta cika mini leda da goro, har yau muna waya.

Iyaka kuwa, a sauko, a ɗauki kaya a ka, a nuna fasfo, a nuna katin rigakafi, a sake hawa. A ta farko wani ma'aikaci ya buɗe jakata, ya ɗaga kanwa yana juyawa, ya yi wata magana da Faransanci. Maman Rahila ta ce tambaya yake mene ne. Na ce a gaya masa ta kunun mai jego ce. Bai gamsu ba, ya kwance ƙullin yaji. Na ce, "Yaro, kada ka shaƙa." Kafin a fassara masa ya riga ya kai hanci. Bawan Allah nan har hularsa ta faɗi. Abokan aikinsa na dariya, shi yana hawaye yana yi mana hannu mu wuce. Na ji tausayinsa, ɗan wani ne.

A Kwatano munka kwana gidan wani fatoma, mai saukar da 'yan kasuwa. Can na ga mata na tuƙa babur da goyo a baya, ko a jikinsu. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, ɓawonsa ya kusa cire mini haƙori. Da safe na ji wani ruri daga nesa, na zabura na kwashe wa matar gida shanyarta kaf, na ce ruwa na tafe. Ta dubi sama, ta dube ni. Ashe teku ne. A Lome ya fito fili, ga shi nan dab da titi. Na kalle shi sau ɗaya na kau da kai. Ruwan da ba a ganin ƙarshensa ba abin kallo ba ne.

A iyakar Gana Maman Rahila ta miƙa ni hannun surukina, ta juya. Nan kunyata ta fara. Ku kun san yadda muke: suruki in ya hango ki ya cire takalmi, ya durƙusa daga nesa, ke kuma ki ja mayafi, a gaisa ido na ƙasa. Shi kuwa da gudu ya taho yana "Mma! Mma!", ya fizge jakata, ya buɗe mini gaban mota, kusa da shi. Na shige baya abina. Can a hanya ya tsaya ya sayo shinkafa da wake a cikin ganye, da wani baƙin yaji mai ƙamshin kifi, ya juyo ya ce, "Mma, ci." In ci a gaban suruki? Bakina ya riga hankalina, na ce azumi nake. Ya yi ta ba ni haƙuri. Muna isa gida ya sanar da kowa Mma na azumi, kada a dame ta da abinci. Haka na zauna da yunwa har magariba ina jin ƙamshin miya, azumin da ba niyya ba lada.

Na iske Balki ta sauka lafiya, ɗiya mace, ja-jawur. Gidan bene ne kusa da unguwar da suke kira Nima, inda Hausawa sunka cika. Hausarsu daɗin ji, sai dai mace ma "ya" suke ce mata. Uwar mijin, Hajiya Adiza, ƙatuwar mace mai dariya da dukan cinya, ta rungume ni ta ce, "Uwar Balki ya zo!" Na waiga in ga wane namiji ne ya biyo ni. Abincinsu akwai wani tuwon masara mai tsami a naɗe cikin ɓawon masara, dokunu. Ranar farko na ɗauka ya lalace ne na ture shi gefe. Kafin in baro ƙasar ni ke aike a sayo mini.

Sunka ba ni ƙaramin ɗaki. To a ɗakin nan akwai wani kabad na gilas, daga ƙasa har sama, cike da 'yan tsana. Ba irin na 'yan mata ba. Sojojin roba ne, kowane tsawon tafin hannu ko ya ɗan fi: wani da sulke, wani da fukafukai, wani fuska kamar ta kura da takobi a hannu. Kowane yana cikin kwalinsa, an rufe gaban da farar leda mai ƙarfi, yana leƙo ka. In zan yi salla sai na yafa wa kabad ɗin zane, don ban iya tsayuwa gaban Ubangiji waɗannan na zare mini ido.

Na tambayi Balki, "Waɗanga fa na wa ne?"

Tana fama da jaririya ta ce, "Shi ya saye su, Inna. Tun kafin in zo gidan nan yake tarawa."

Ban ƙara tambaya ba, don na ɗauka na gane. Na ce a raina, Allah sarki, yaron nan tun yana saurayi yake burin ɗa namiji, yana tara masa kayan wasa, ga shi Allah ya ba shi mace. Shi ya sa ko buɗe su bai yi ba. Har ƙwalla na yi masa. Da a ce ina iya magana da shi kamar yadda uwarsa ke yi, da tambaya ɗaya ta raba ni da abin da ya biyo baya. Amma in na ji motsinsa a falo sai in shige ɗaki, shi kuma tun da anka ba ni ɗakin bai ƙara shiga cikinsa ba.

Ranar suna maza sunka yi can gidan Hajiya Adiza, mata sunka cika namu, kowace da 'ya'yanta. Yara na ta kuka, suna hawa kujeru, wani ya ɓarar da kunu. Ku kun sani, a gidana yaro ba ya zuwa suna ya koma hannu wofi. Na duba ba ni da alewa ba ni da ƙuli. Sai na tuna da kabad. Na ce ga kaya na zaune ba mai wasa da su, kafin a samu namiji a gidan nan sun tsufa. In na rabar, na rage wa yaron nan abin da ke tuna masa, ga lada, ga ɗakin salla ya tsarkaka. Wallahi har daɗi na ji da dabarata.

Na sa wuƙa na dinga farke kwalaye. Har da wata 'yar waya anka ɗaure hannuwansu da ƙafafunsu, na yi ta tsaki ina cewa masu yin abin nan ba su san yaro ba ya da haƙuri ba. Na jera yara na ba kowa ɗaya. Gida ya yi tsit, sai murna. Iyayensu na ta "Mma, na gode." Na saman ne kawai sunka tsira, don hannuna bai kai ba.

Saura kwalaye. Ni ban yarda da ruwan jego na kan gas ba, ba ya ratsa ƙashi, don haka na sa anka samo mini kurfoti da gawayi a bayan gida. Gawayin garin kuwa kullum da danshi, sai ka yi ta fifita. Da na gwada kwalin nan ɗaya, wuta ta kama fau, har da wani kore-kore a harshenta. Na ce kai, abin nan ya yi rana. Safe da yamma da su nake hura wuta, har sunka ƙare.

Bayan 'yan kwanaki, da la'asar, na ji ya shigo ba sallamar nan tasa mai ƙarfi. Na leƙa ta labule. Yana tsaye tsakiyar falo, riƙe da ɗaya daga cikin sojojin, an ɗaura masa zare a wuya, hannu ɗaya babu. A kan titi ya ga wani yaro na jan sa cikin kwata. Ya shiga ɗakinsu. Na ji muryarsa ta tashi sau ɗaya, na ji ta Balki. Ya fito ya fice. Abincinsa na ranar haka anka ɗauke shi ba a taɓa ba.

Balki ta shigo ta yaye zanen kabad, ta tsaya tana kallo. Ta zauna bakin gado.

"Inna, mi kinka yi?"

"Sadaka na yi wa yara. Ba na wasa ba ne?"

"Ba na wasa ba ne, Inna."

"To na mi ne? Tsafi yake?"

Ta ce ba tsafi ba. Ta yi mini bayani a hankali, kamar mai koya wa yaro alif. Wai masu ƙera su can ƙasashen waje da gangan suke yin kaɗan. In sun yi wani iri, sai su tsaya, ba za su ƙara yin irinsa ba har abada, ko duniya za ta taru tana roƙo. Ranar da za a fitar, manyan mutane masu gemu a ko'ina cikin duniya suna riƙe da waya suna jira, kafin ka gama alwala an saye kaf. Wanda bai samu ba sai ya bi wanda ya samu, shi kuma ya ƙi sayarwa, kuɗin ya yi ta hawa. Ta ce akwai wanda mijinta ya fi shekara yana nema.

Na ce, "To su masu yi ba su son ciniki ne? Ni in furata ta ƙare ana nema, gobe sai in ƙara gero."

"Ƙarancin shi ne cinikin, Inna. Mai fukafukan nan kaɗai, in ya sayar, zai sayi saniya."

Na ce to a karɓo su mana, ai yaran na nan unguwa.

"Ko an karɓo, an buɗe. Wanda ba a taɓa buɗewa ba shi ake nema. Amma dai in kwalayen na nan, da sauƙi. Ina kinka aje su?"

Ta bi idona har taga, inda kurfoti yake. Ta ce, "Inna, da su kinka yi mini wanka?" Sai ta fara dariya, dariyar ta juye kuka.

Ba saniyar ce ta fi damuna ba. Yarinyar nan ba ta da kowa a ƙasar sai mutumin nan. Ni zan hau mota in dawo Ƙofar Rini, ita za ta zauna da abin da na shuka. Kwana biyu gidan ba daɗi. Yana gaishe ni daga bakin ƙofa yadda ya saba, amma ba na jin hirarsu, ba na jin yana yi wa jaririya waƙar banzan nan da yake yi mata. In ya shigo sai ya zauna da waya. Balki ta rage cin abinci, mai jego.

Na aika anka kira mini Hajiya Adiza. Da ta ji, ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ni shekara nawa ina so in zubar da shirgin nan, tsoro ya hana ni! Kai ka zo daga Sakkwato ka gama da su rana ɗaya!" Na ce, "Hajiya, ba abin dariya ba ne. Raka ni in karɓo." Ta daina dariya. Ta ce, "Kyautar da ka ba yaro?" Na ce na sani.

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan yawo ba. Tsohuwa da ni, baƙuwa, ina bin lungunan Nima da ledar alewa, ina sallama gida gida ina cewa a ba ni abin da na bayar. Gidan farko yaron ya karɓi alewa ya miƙo. Na biyu ya yi ta birgima a ƙasa, uwar ta fizge ta ba ni ba ta ko dube ni ba. Kafin mu kai gida na gaba labari ya riga mu. Yara sun ji ana neman abin, alewa ta daina aiki. Wannan ya ce sai biskit, wancan ya ce sai ƙwallo, wata uwa ta ce nasu ya ɓace, alhali ina hango ƙafarsa ƙarƙashin katifa. Hajiya Adiza ta ce, "Ka gani? Jiya a kwata suke jan su, yau sun zama gwal." Abin da munka samo bai kai rabi ba: wani ba kai, wani an tauna takobinsa, mai fukafukan nan fiffike ɗaya ya rage masa.

Na wanke su da sabulu, na shanya, na jera su a faranti, na rufe da sabon zane. Na ce wa Balki ta ce da mijinta ina son magana da shi. Ta zaro ido, don ta san ban taɓa ba.

Ya zo ya durƙusa bayan labule, ni ina ciki. Na turo farantin ta ƙasa. Na ji ya buɗe.

Na ce, "Yaro, ni na yi, ba Balki ba. Ba ta sani ba, ba ta gani ba. Jahilci ne da karambani. In akwai fushi, ni za ka yi wa."

Ya ce, "Mma, ke kika bi gidaje?"

"Ni ce."

"Da ƙafarki?"

"Da ta wa zan bi?"

Na ji ya ja numfashi. Ya ce, "Mma, ba zan yi miki ƙarya ba, ya yi mini zafi. Wasu ba zan sake ganin irinsu ba. Amma da na san za ki yi yawon nan, da na hana. Yanzu duk Nima za a ce na sa uwar matata roƙon yara."

Na ce, "Ni na ɗauka ɗa namiji kake tara wa. Na ce Allah ya ba ka mace, kana kallonsu kana jin ciwo."

"Ni? Mma, ni mace nake roƙo tun farko! Namiji ai fasa mini su zai yi."

Ban san lokacin da dariya ta kuɓuce mini ba, na toshe baki da mayafi. Shi ma ya yi, irin wadda ke fita da ƙyar. Ya ce ya ba abokansa masu tarawa labari a waya, wani daga wata ƙasa ya ce a gaishe ni da kyau, tun da na ƙone wasu, nasa ya ƙara daraja. Na ce a ce masa ba na amsawa.

Da yamman nan na ji yana yi wa jaririya waƙarsa, Balki na ce masa ya yi shiru muryarsa kamar ta jaki. Ban taɓa jin zagi mai daɗin wannan ba.

Na cika kwanakina, anka yi arba'in, ya sa ni a mota tare da wasu 'yan kasuwa har Legas. Dawowa ba wani labari, sai dai duk inda na ga yaro da abin wasa a hannu sai in kau da kai. Malam da na gaya masa, sai ya tashi ya ɗauke rediyonsa daga ɗakina.

Shekaranjiya Balki ta kira. Bayan gaisuwa na yi ta kewaye-kewaye, sannan na ce, "Yaya kabad?"

Ta ce, "Ya fara cikawa. Ya kira kafinta ya sa masa kwaɗo, Inna, ƙato."

Na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. Na ce, "Saboda ni?"

"Saboda ke. Ga shi nan kusa da ni. Ya ce in gaya miki an sa kwaɗo, an ɓoye mabuɗi, don haka ba ki da sauran hujja. Azumi mai zuwa a nan yake so ki yi shi."